Ƙafar Jaririya a Gefen Atamfa

Tun kafin a fara jin harbi a Mubi, abin da ke damuna shi ne shafin shagonmu ba shi da muryar kowa. Shagon atamfa ne a kasuwa, na maigidana da wansa, wanda muke kira Hamma. Hamma ne ya kafa doka: a Fesbuk shago ke magana, ba mutum ba. "Mun buɗe. Sababbin kaya sun iso. Mun gode da ziyara." Ko ni na rubuta, ko maigida, ko Hamma, duk baki ɗaya ne. Nakan ce a raina, ranar da wani ya ɗauki wayar shagon nan fa, wa zai gane?

Ni ke ɗaukar hotunan kaya da wayar shago a gidanmu na Yelwa, don hasken tsakar gida ya fi na shago. Wata rana na shimfiɗa atamfa ruwan ganye, 'yata tana rarrafe, sai ƙafarta ta shigo gefen hoton. Ya yi min kyau, na ce a sa. Maigida ya yi dariya.

"Maman bebi, ƙafar nan ita ma ta sayarwa ce? Hamma zai ce mun mai da shago gidan suna."

"Ka ce masa gyara ce."

Bai sa ba. Ya ce ma zai goge.

Ranar da gari ya watse maigida yana kasuwa da wayar shago, ni ina gida. Na goya yarinya na bi mutane, muka tsallake mayo, wato kogi, da ƙafa, muka bi ta duwatsu, daga baya mota ta kai mu Yola. Hamma ya iso bayanmu. Maigida bai iso ba. Lambar tana shiga, ba a ɗauka.

Wata safiya, a wayar matar da ta sauke mu, na ga shafin ya yi magana. "Mun buɗe. Sababbin kaya sun iso." A kasuwar da kowa ke cewa ko akuya babu.

Hamma ya ce, "Ana saita shi ne ya riƙa fita da kansa. Kada ki sa rai, amarya."

Na tura saƙo. "Ni ce. Muna Yola, bebi lafiya. Kai ne?"

Bayan azahar amsa ta zo. "Mun gode da ziyara, Hajiya. Me za a ba ki?"

Na miƙa wa Hamma. Wannan kam ba ya fita da kansa. Ya daɗe riƙe da wayar, ya miƙo min, ya tafi alwala.

Ko dai maigida ne, wani na tsaye a kansa yana duba abin da yake rubutawa. Ko kuma wani ne ya karanta tsofaffin saƙonni ya koyi bakin shago. Ba wuya ai, ni ma ban daɗe ba na iya. Kullum safiya shago yana buɗewa, kullum ina tambaya, kullum ana gode min da ziyara. Na daina iya cin abinci sai an matsa min, ruwan nono ya ragu.

Sai ranar nan hoto ya fito, babu rubutu a ƙasansa. Atamfa ruwan ganye, simintin tsakar gidanmu, da 'yar ƙafa a gefe. Daga nan shafin bai sake magana ba.

Da muka dawo mun tarar da shago a buɗe, ko ƙyalle babu. Hamma ya ce mai riƙe da wayar zai iya danna kowane hoto ya ci karo da shi. Gaskiya ne. Ni dai na ce maigida ne, amma hoto ɗaya kawai gare ni, kuma har yau ba wanda ya ga maigidan. Mai ƙafar ta fara zuwa Islamiyya.

Idan kana riƙe da shafin shago, don Allah, jefi-jefi ka riƙa sa wani abu naka a ciki, ko kalma ɗaya ce, wadda mutanen gidanka za su gane kai ne.