Injin Baba a Lungun Aji

A ƙarshen shekarun casa'in ina koyarwa a wata ƙaramar makarantar kwamfuta a Ketaren Gwari, cikin Minna. Babban malaminmu dattijo ne ɗan kudancin Kaduna, kowa Baba yake ce masa. Shi ya koya mini harshen da ake rubuta wa kwamfuta umarni da shi, a kan tsohon tsarin nan mai baƙin allo da farin rubutu. Yanar ido ta fara kama shi, amma yatsunsa sun haddace hanya, bai damu da kallon allo ba.

Sai aka kawo mana sabuwar fitowar harshen daga Legas. A jikin kwalin, masu shi sun rubuta ƙarara cewa sun daina yi wa tsohon tsari aiki, sai sabon, wanda ake bin 'yan hotuna da wata mitsitsiyar kibiya. Raina ya ɓaci. Wasu can wata uwa duniya, ko taswirar Minna ba su taɓa gani ba, sun raba mutum da ajinsa. Baba ya gwada iya gwadawa, kibiyar tana ɓace masa.

Mai makaranta ya ce ofisoshi sabon suke nema, kuma gaskiyarsa ne. To amma wa zai dubi tsabar idon dattijo ya ce zamaninsa ya wuce? Ba tarbiyyarmu ba ce. Aka bar masa tsohon injinsa na kwamfuta a lungu, aka ce ajinsa na nan daram. Ɗalibai su rusuna su gaishe shi, su karɓi jakarsa, su tambayi lafiyar Mama, matarsa, sannan su zarce ajina, inda nake koyar da sabon tsarin. Shi kuwa kullum ya kunna inji, ya gyara kujeru, ya zauna jiran gawon shanu. Dariyar ajina tana isa inda yake, abin yana ci mini rai.

Wata rana da aka ɗauke wuta, ya ce in ɗauko kwalin in karanta masa. Na so in yi masa kwana-kwana, ya ce in karanta yadda yake. Na karanta.

Sai ya ce, "Ɗana, su dai sun faɗa mini gaskiya. Ku gaisuwa kuke ta yi."

Ya lulluɓe injin da ƙyallensa. Wata ɗaliba ta miƙo hannu za ta karɓi jakarsa kamar kullum, ya hana ta.