Manet a Hannun Yaya Ila

A gidanmu na Mallawa tatsuniya ba kyauta ba ce. Bayan magariba kakarmu Dela takan dire wa kowane jika ƙwaryar gyaɗa a gindin wuta, ta ce baki nata ne, hannu namu. Da wani ya daina ɓara, labari ya tsaya cak. Ni ne ragon gidan, sai dai yayana Ila ya riƙa taya ni a ɓoye.

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta maƙera biyu. Wai mai gari ne ya nemi sabuwar fartanya. Na farko ya ƙero mai walƙiya, ya rataya mata ƴan ƙararrawa, gari duka ya fito kallo. Na biyu ya kawo baƙa wuluk, ƙotar kawai ya ƙara wa tsawo, aka yi ta yi masa dariya. Sai wata tsohuwa ta ce a kai wa wani makahon manomi su biyun. Ya nome kunya guda ta gona da kowace, ya ce ta farkon hayaniya ta ƙara masa, ta biyun kuwa ta raba shi da ciwon baya.

A nan Dela takan jefe ni da ɓawon gyaɗa. "Kai maigidana mai idon kwaɗayi, da kai nake. In an kawo maka sabon abu, bari hannunka ya gani tukuna."

Yau ina da shagon wasan bidiyo a Dungas, tele uku, wato talabijin, da benci biyu. Bara wani ɗan kasuwa ya kawo sabuwar na'urar wasa daga Kano, ya bar mini kwana biyu in gwada. Samarin shagon suka rabu, wasu na rantsuwa duniya ta canza, wasu na cewa tsohuwar ce aka yi wa kwalliya. Ni ina cikin na biyun. Amma ba gardamarsu ta dame ni ba, Ila ne. A da ba mai ja da shi a wasan tseren mota na bidiyo, ga shi shekara uku ke nan da ciwo ya ɗauke masa gani, ko zaure ya daina fitowa.

Na kinkimi tele da na'urar na kai ɗakinsa. Ya ce kada in raina masa hankali. Na dai cusa masa manet, abin da ake riƙewa a tuƙa, wanda aka ce yana motsi daidai da hanyar da motar ke takawa. Ya danna, motar ta tashi.

"Wannan rairayi ne," in ji shi. Can kuma ya ce, "Na hau kwalta. Tayar hagu ta sauka, ko?"

Ban gaya masa komai ba, hannunsa ne ya gaya masa. Ya sha karo ba adadi, amma ya kai ƙarshen zagaye, ni kuwa ina bayansa ina share hawaye. Alfahari ne ya cika ni, da shi da tsohuwar da ta rene mu.

Na daɗe ina zaton Dela raina sabon abu ta koya mini, har ina taƙama da hakan a gaban samari. Ashe so take in duba wa abin ya sauƙaƙa wa rayuwa, ko da yana walƙiya. Ina naɗe wayoyi zan fita, Ila ya lalubo hularsa da ta yi shekara uku a rataye, ya kakkaɓe ta.

"Gobe ƙarfe nawa kake buɗe shagon?"