Ranar da Injin Casar Masara Ya Shaƙe

Shekarun baya kaɗan, na dawo gida Saulawa hutun makaranta, na tarar kawuna ya sayo injin casar masara. Ni kaɗai na zauna na karanta ɗan littafin da ya zo da shi. Har layi na ja da biro a ƙarƙashin gargaɗin da ke cewa in injin ya shaƙe a kashe shi, a jira ya tsaya cik, sannan a zaƙulo totuwar da sanda.

Matsalar ita ce injin yana da wuyar tashi, sai an murɗa shi har gumi ya karyo wa mutum. Don haka kawu ya kafa doka: in ya tashi da safe, ba mai kashe shi sai azahar.

Ranar muna casa a gona, masarar ba ta gama bushewa ba, injin ya shaƙe. Ya daina fitar da komai, sai gurnani. Na matsa kusa na ce, "Kawu, littafin ya ce a kashe shi tukuna." Ko ni da kyar na ji muryata.

"Littafi!" in ji kawu. "To malam, littafin ne zai zo ya murɗa mana shi?" Ya juya wajen yayana. "Kai, sa hannu ka zaro, ai ba cizo yake ba."

Aka kwashe da dariya. Na sunkuyar da kai na koma gefe kamar ni na yi laifi. Yayana ya naɗe hannun riga, ya zura hannun dama. Totuwar na fita, injin ya fizga. Yatsu biyu ya tafi da su, har da manuniya.

A asibiti kawu yana ta ce wa masu dubiya, "Ƙaddara ce." Ban musa ba. Amma duk sanda ya faɗa sai in ji haushi, don an faɗa masa, ya mai da abin wasa.

Yaya ya warke tuntuni, yana nomansa, ya ma yafe. Ni ne ban huce ba, kuma haushin kaina ya fi na kawu. Taku biyu ne tsakanina da makashin injin. Kunyar babba ta riƙe ni, ni kuma na ɗauka ladabi ne. Yau ko gaban wa ne, kashewa zan yi, a zage ni daga baya.

Har yanzu kusa da yaya nake tsayawa a sahu. In muka zauna tahiya kowa ya ɗaga yatsa, sai in runtse ido.