Ranar da Chundung Ta Nuna Mini Ƙofa

A duk faɗin Maryland mace ɗaya ce ta taɓa korata daga ɗaki, ni Sailuba, da furfurata da haƙorin Makkana, kuma har gobe in ta shigo wuri sai na matsa mata kujera. Sunanta Chundung. Nas ce, 'yar Birom daga Bukuru, gajeriya kamar turmi, ga murya kamar mai tallan kifi.

A 2001 ta zo ƙasar nan da takardarta ta ungozoma, wadda ta yi shekara tara tana karɓar haihuwa da ita a Jos. Aka ce mata takardar ba ta aiki a nan. Ba ta zauna kuka ba. Ta kama wankan tsofaffin Turawa da goge musu gindi, tana karatu a jirgin ƙasa na Red Line tafiya da dawowa, har ta sake cin jarrabawa. Ta samu aiki a wani ɗan asibitin mata a Silver Spring, inda ba a tambayar mace takardar zama kafin a tambaye ta inda ke mata ciwo.

Amma aikin da aka fi saninta da shi ba wanda ya ɗora mata. Duk suna, duk biki, na 'yan coci da na 'yan masallaci, tana nan da jakarta da abin awon jini. Maza na falo suna gyara Nijeriya da fatar baki, ita tana kicin ta tara mata, tana zancen tazarar haihuwa da ɓari da inda mace za ta je in ciki ya zo da matsala. Ni ce shugabar masu yi mata tsiya.

"Ke 'yar Birom, tara na haifa ban sha ko ƙwaya ɗaya ba."

"Sannu da ƙoƙari, Mama. Cikin ƙawayenki nawa suka tafi a kan gwiwa?"

Na ƙirga a raina. Uku ne.

A 2012 ina zaune a Takoma Park wajen autana Fatihu, injiniya, da amaryarsa Zahra, Bakatsiniya, wata takwas da zuwanta. Wata Talata ciwon mara ya kama ta, muka kwashe mu uku muka tafi wajen likita. Tana jin Turanci, amma na Amurkawan nan da suke yi ta hanci ya fi ƙarfinta, sai Fatihu ya zama tafinta. Ni kuma na baje a kujera da carbina, ba wanda ya gayyace ni.

Likita ta tambaya ko akwai ciki. Kun dai san mu. Cikin fari ba a faɗarsa, balle a gaban suruka. Yarinya ta sunkuyar da kai ta ce babu, ai ma tana ganin jini. Aka miƙa mata ɗan kofi ta kawo fitsari, ta ce ba ta ji, sai gobe. Likita ta nace, Zahra ta kafe, goben kuma ba ta zo ba. Ni kuwa har daɗi nake ji a raina, ina cewa Allah ya ba ni suruka mai kunya.

Ran Asabar aka yi suna a Mitchellville, gidan Alhaji Dabo. Bayan azahar Zahra na rabon waina, Chundung ta shigo da jakarta, ta tsaya cak. Ta dubi leɓen yarinyar ya yi fari fat, ga gumi, ga hannu tana ta kaiwa kafaɗa. Ta karɓi farantin ta dire, ta ja ta ɗaki. Na bi su, na zauna bakin gado.

"Mama, waje."

"Na'am?"

"Waje na ce, Mama."

"Ke! Matar ɗana ce fa."

"Shi ya sa. In kina nan, ko maciji ne a zanenta cewa za ta yi lafiya lau."

Na fito ina masifa, ina cewa duniya ta lalace, an kawo mu ƙasar da sa'ar 'yar cikinka za ta nuna maka ƙofa. Kunnena dai na manne da ƙofar, kada ku ce ban faɗa muku ba. Na ji Zahra ta fashe da kuka tana cewa wata biyu ke nan ba ta ga al'ada sosai ba. Sai ƙofa ta buɗe, saura kaɗan in faɗa ciki, Chundung na ihu a kira motar asibiti.

A asibiti aka ɗauki hoto. Cikin bai zauna a mahaifa ba, ya maƙale a siririyar hanyar da ke kaiwa gare ta, hanyar ta tsage, jini na zuba a cikin cikinta. Sai an yi aiki an cire yanzu-yanzu. Fatihu ya miƙa hannu zai karɓi takarda, aka ce masa mai jikin ce ke sa hannu. Mai jikin kuwa ta juya fuska bango.

"Ba zan zubar da ciki ba. Me zan ce wa Allah? Me Hajiya za ta ce?"

Hajiyar ni ce, ina tsaye a baranda kamar an dasa ni. Ta ƙofa ina hango Chundung ta juya bayan wata takarda tana zana mata mahaifa da biro, tana nuna mata cewa wurin nan ba ya raya ɗa ko da likitocin duniya sun taru, abin da ya rage a ceta ita ce. Zahra na girgiza kai. Likitar tiyata na duban agogo. Sai ga Chundung ta fito ta kamo hannuna.

"Mama, ciki."

"Ɗazu waje, yanzu ciki. Ni ƙwallo ce?"

"Tsoronki take ji. Ki je ki kwance abin da kika ɗaure."

Na shiga. Ban taɓa riƙe hannun surukata ba sai ranar. Na ce mata ina da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya, da irin wannan ciwon ya kama a Funtuwa tana amarya. Ta ɓoye don kunya, muka yi ta ba ta jiƙo da kanwa, bayan kwana biyu muka wanke gawarta. Shekara arba'in ban san sunan abin da ya kashe ta ba sai yau da na ga zanen 'yar Birom.

"Zahra'u, wanda ya ba ki cikin shi ya ba ki ran, kuma bai ce ki bi abin da ba zai rayu ba zuwa kabari. In kunyata ce, na yafe miki ita duniya da lahira. Karɓi biron nan kafin in mare ki."

Ta yi dariya cikin hawaye, ta sa hannu.

Da likita ta fito ta ce an gama, yarinya na numfashi, kuma ɗayar hanyar mahaifar lafiyarta ƙalau, za ta iya sake ɗaukar ciki, sai na rangaɗa guɗa a tsakiyar asibitin Turawa! Mai gadi ya taho a guje. Chundung ta tare shi ta ce ya ƙyale tsohuwar, murna take yi, sannan ita ma ta kama nata irin na Filato tana taka rawa da takalmin aiki. Fatihu ya rasa inda zai sa kansa.

Bayan shekara biyu, ina tsinkar zogale a kicin, Zahra ta zo ta tsaya a kaina, ido cikin ido, ta ce, "Hajiya, ina da ciki, sati shida, an duba yana inda ya kamata." Na ce marar kunya, zo nan in rungume ki. Afnan ke nan, wadda yanzu in na yi mata Hausa take amsa mini da Turanci.

Chundung ta buga 'yan katuna tana rabawa a wuraren suna, Hausa a gaba Turanci a baya: ina son tafinta wanda ba dangina ba, ina son ganin likita ni kaɗai. Ni kuma ta ba ni muƙami. In ta ja yarinya ɗaki, ni ke zama bakin ƙofa a kan kujera. Duk surukar da ta nufo da carbinta, sai in miƙe ƙafa in tare hanya.

"Hajiya, waje. Zauna nan kusa da ni ki ci waina. Ni da kike gani, ni aka fara kora."