Ranar da Na Yaga Wandon Dattijo

Shekarun baya, ina sabuwar nas a wani asibiti a yankin Batsari, aka turo masu horar da mu kan karɓar wanda ya ji mummunan rauni. Suka zo da mutum-mutumin roba mai numfashi, suka sa masa riga da wando har da hula, suka ce mu ɗauka dattijo ne da babur ya buge.

Aikina shi ne in yanke tufafinsa a duba jikinsa kaf. Ni kuwa 'yar gidan tarbiyya, sai na naɗe hannun rigar, na leƙa wuya, na ce, "Ba rauni." Wando kam ko kallonsa ban yi ba. Can na'urar da aka haɗa masa ta yi ƙara, malamar da ke horar da mu ta ce, "Ya rasu." Ta zare wandon, ga jinin ƙarya ya wanke cinya.

Abokan aikina suka yi ta dariya, wai na mai da roba surukina. Ita ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce, "Ƙanwata, kunya ado ce, amma a ɗakin nan tana kisa." Sau huɗu ta sa na maimaita, har na ji haushinta.

Da damina aka kawo wani dattijo makiyayi daga wajen Tsaskiya, bijiminsa ya soke shi. Sa'an mahaifina ne. Kowa ya taru a kan raunin haƙarƙarinsa, amma shi sai ƙara galabaita yake. Na ce, "Baffa, ka yafe mini," na sa almakashi na tsarge wandon. Ashe ƙahon ya huda can saman cinya, jini na bulbulowa. Na danne da iya ƙarfina, na ƙwala wa likita kira.

Bayan kwana uku ya ce a kira masa yarinyar da ta yaga masa wando. Na shiga kaina a ƙasa kamar wadda aka kama da sata.

"Sabo ne fa," in ji shi, yana murmushi. Sai ya ƙara da cewa, "Yara ƙanana gare ni a gida, ɗiyata. Allah Shi rufa miki asiri."

Na ce amin, na fita bayan ɗaki na sha kukana.

Har yau kunyar tana nan, ba na ma so ta tafi. Duk dattijon da zan buɗe wa jiki sai na nemi gafararsa. Sai dai yanzu ba na jiran ya amsa.