Tsibirin da Na Gina a Bayan Aji Huɗu

Shekarar da gwamnati ta rasa inda za ta kai kuɗin mai, sai ta tuna da yaran Yankara. Benci ba su samu ba, amma an aiko musu da kwali uku na wani ɗan littafi mai hotuna a kan ƙasar Japan. Ni kuwa ɗalibin kwalejin horon malamai ne, an turo ni gwajin koyarwa, kuma a kan wannan littafi sufeto zai zo ya ba ni maki. In na faɗi, in maimaita shekara.

Kwana shida ina shiri. Na haddace yadda mutanen can ke cire takalmi a bakin ƙofa, da cin shinkafa da tsinke biyu, da yadda suka rufe ƙasarsu ga baƙi fiye da shekara ɗari biyu, teku ce ganuwarsu. Matsala ɗaya, yarana ba su taɓa ganin tsibiri ba. Sai na gina musu. Na haƙa rami a bayan aji, na tara tudu huɗu a tsakiya a matsayin tsibiran Japan, har da awo da rula. Da sassafe na juye tulu takwas a ciki, ana tsakiyar rani.

Sufeto ya ce ƙarfe tara. Ya iso sha ɗaya da rabi cikin sabuwar mota, zabi na kuka a baya, don ranar kasuwa ce.

Na fara darasi. Cire takalmi bai burge kowa ba, mutum uku ne ke da shi a ajin. Da na zo kan tsinke, wata yarinya ta ce, "Allah sarki, ba su da hannu ne?" Na daure har na kai ga baƙin da ruwa ya tsare.

Wata doguwa a layin baya ta ɗaga hannu. "Malam, mi ya hana su jira rani?"

"Teku ba ta ƙafewa."

"Haka rafinmu ke cika baki da damina."

Aji ya ɗauki dariya. Na ce su fito su gani da idonsu. Na shige gaba, sufeto na biye.

Yashi ya shanye tekuna tas. Wata kaza ta riga ta taka da ƙafa ta haye, tana tono a daidai babban birnin.

"To ga shi nan, Malam," in ji doguwar. "Haƙuri ne ba su da shi."

Sufeto ya leƙa ramin ya ce, "Malam ƙarami, ko tsohuwa mai ginin tukunya ta san da yumɓu ake shafe rami."

Bayan wata biyu sakamako ya fito. Na ci da kyar. A ƙasan takardar ya rubuta cewa ɗalibai sun shiga darasi ƙwarai, sun kuma fahimci abin da aka nuna musu.