Takalmin Akawu

Tun yana saurayi yake gyaran takalma a rumfa ɗaya, tsakanin mai walda da mai cajin waya. Mutum ne mai shiru-shiru, wanda ya fi sanin ƙafafun mutane a kan fuskokinsu. Da kasuwa ta ja baya, jama'a suka koma sayen na roba suna yarwa, sai matarsa ta karɓe wayarsa ta buɗe masa shafi a intanet.

"Maigida, ka riƙa sa hoton aikinka, ka ɗan yi rubutu a ƙasa," in ji ta. "Bakin nan da ba ka buɗewa a gida, ka je can ka buɗe."

Ashe surutu cike yake da cikinsa, wurin zubawa ne bai samu ba. Sai ya ɗauki hoton takalmi, ya rubuta abin da ya gani: mai wannan yana jan ƙafar hagu, mai wancan sauri ne zai kashe shi. Masu karatu suka yi ta yabo, aiki ya fara dawowa, shi kuwa kansa ya fara rawa.

Yana da amini guda, ma'aikacin ofis da kowa ke kira Akawu, wanda kullum da yamma yake zama a bencin rumfar suna hira. Wata rana Akawu ya miƙo masa baƙin takalminsa na zuwa aiki don gyara. Mai gyara ya kife shi, ya ga ƙasan ya cinye har ya ɓule. Ransa ya sosu. Amma hannu ya riga ya saba, ya ɗauki hoto, ya rubuta: "Da a kujera mai wannan takalmi yake wuni. Yanzu tun safe yake yawo a ƙasa, dunduniyar ta nuna. Allah ya kawo masa mafita."

Bai sa suna ba, a wautarsa ya ɗauka hakan ya isa. Ya manta da igiyar ƙafar dama, mai ruwan ƙasa, wadda matar Akawu ta zura da hannunta da ta asali ta tsinke. Ita kuwa ba ta barin rubutunsa ya wuce ta.

Ta haka ta ji cewa an sallami mijinta daga aiki. Kullum yakan ɗauki jaka ya fita kamar da, ya yi ta zaga ofisoshi yana nema, don kada hankalin gida ya tashi.

Washegari Akawu ya zo, bai zauna ba. Mai gyara ya miƙe ya tare shi.

"Wallahi ɗan'uwa, tausayi ne ya sa ni."

"Na sani," in ji Akawu. "Ai na san kana kifa shi za ka gane. Shi ya sa na kawo maka, don kai ne ba ka magana."

Ya ɗauki takalminsa ba a gama ɗinkin ba, ya tafi.

Mai gyara ya goge rubutun, amma abin bai bar cinsa ba. Shafin na nan, aiki na shigowa, masu karatu na tambayar me ya sa ya daina labari. Da yamma yakan hango Akawu yana wucewa ta tsallaken titi. Ko daga nan yana iya ganin wani hannu ne ya ƙarasa ɗinkin, kuma bai yi kyau ba.